Kaska a Ƙaramin Garke: Wasiƙa Daga Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ara mini fili in yi magana a kan wata ƴar halitta da ke shan dukiyar talaka a ɓoye, wato kaska, tun da yake hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma duk mai dabba a ƙasar Damagaram ya san cewa ruwan farko da ke tsirar da ciyawa shi ne yake tayar da ita daga inda ta kwanta.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Da na ajiye alli sai na koma ƴar gonar da muka gada a kudu da birni, ta wajen hanyar Magarya, inda nake da shanu huɗu, da tumaki da awaki da ba su kai ashirin ba, da jaki ɗaya na amalanke, sai kaji da zabi. Wannan ba garken da za a kira mai shi makiyayi ba ne a gaban Fulani ko Abzinawa, amma irinsa ne asusun yawancin gidajenmu, domin da shi ake awo idan rumbu ya ƙare kafin kaka, da shi ake kai marar lafiya likita, da shi ake suna da layya. Mai dabba ɗari yana iya rasa biyu bai ji a jikinsa ba. Mai saniya ɗaya tak da ake tatsa kuwa, idan kaska ta ɓata mata kan nono biyu, an raba abincin ƴaƴansa biyu ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya samo asali ne daga wata asara da na jawo wa kaina da hannuna. Shekara uku ke nan, a tsakiyar watan Agusta, kaska ta cika wani rago Balami da na turke ina kiwatawa. A wata kasuwar ƙauye na tarar da wani mai tallar magunguna ya baza kwalabe a kan buhu, ya miƙo mini wata ƴar kwalba da ba ta da ko takarda a jikinta, ya ce tana kashe kaska da kuɗin cizo da tsutsar wake baki ɗaya, kuma kuɗinta bai kai rabin na maganin kanti ba. Na dama kamar yadda ya faɗa mini, na wanke ragon da shi da rana tsaka. Ba a jima ba sai ya fara dalalar da miyau, jikinsa yana karkarwa, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, kuma kafin a kira la'asar ya mutu a gabana, ba mu ma yi ƙarfin halin sa masa wuƙa ba saboda tsoron abin da ya shiga cikin naman. Washegari aka tsinci kaji biyu a mace, waɗanda suka tsattsage kaskar da ta zube a wurin wankan. Da na kai kwalbar wurin malamin dabbobi, sunsunawa kawai ya yi ya ce mini maganin feshin gona ne, ba a yi shi domin jikin dabba ba. Garin neman gira na rasa ido, kuma ban ga wanda zan ɗora wa laifi ba sai kaina, ni da na yi shekaru ina koya wa yara karatu amma na sayi kwalbar da babu abin karantawa a jikinta.

Tun daga ranar na ƙudura niyyar sanin halin wannan abokiyar gaba. Na zauna da malamin dabbobi, na zauna da wani dattijon Bafulatani da ke sauka kusa da gonata da rani, na kuma karanta abin da ya zo hannuna. Abin da na fara fahimta shi ne, kaskar da muke gani a jikin dabba ƴar kaɗan ce daga cikin wadda ke ƙasa. Macen, idan ta sha jini ta ƙoshi ta kumbura kamar ɗan zurma, sai ta saki fata ta faɗo, ta lallaɓa cikin tsagar bango ko ƙarƙashin komi, ta zuba ƙwai dubbai a wuri ɗaya, sannan ta mutu. Gani ya kori ji, domin ranar da na ɗaga wani tsohon turmi da muke ba tumaki dusa a ciki, na tarar da ita a ƙasansa ta yamushe kamar busasshiyar magarya, a gaban bakinta kuma ga tulin ƙwai ruwan ƙasa masu ƙyalli, ƙanana kamar irin taba. Bayan ƴan makonni waɗannan ƙwai suke ƙyanƙyashewa, ƴaƴan su fito da ƙafa shida, girmansu bai kai kan allura ba, su hau kan tsinin ciyawa su yi cincirindo suna jiran mai wucewa. Hausawa da suka yi mata kirari da kaska raɓi mai jini ba su yi kuskure ba.

Bayan wannan na gane cewa kaska ba iri ɗaya ba ce, ko da yake suna ɗaya muke kiransu da shi. Wadda ta fi yawa a wurinmu, har zuwa arewa wajen Tanut inda raƙuma suke, ita ce mai dogon baki da ƙafafu masu zobe-zobe, wadda masana ke kira Hyalomma. Tana jure fari da zafi, tana gudu a ƙasa ta bi dabba da kanta, kuma ta fi son ƙarƙashin wutsiya da hantsa da tsakanin kofato. Akwai kuma mai ado, wadda namijinta ke da zane ruwan goro da baƙi a baya kamar ya fito daga hannun dukawa, sunanta a littafi Amblyomma variegatum. Ita mai son laima ce, shi ya sa ta fi samun wurin zama a kudu, a fadamu da kwarin Korama da bakin tabkuna, kuma manyanta da farkon damina suke fitowa. Ita ce ke huda kan nono ta bar miki, ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa, ita ce kuma ke ɗauke da cutar nan da ke sa tunkiya ko akuya ta riƙa kewaya wuri ɗaya, ta faɗi tana shure-shure, idan aka feɗe ta a tarar da ruwa ya taru a jakar zuciyarta. Ta uku ita ce ƴar shuɗiya mai gajeren baki, wadda ke zama a jikin saniya ɗaya tun tana ƙarama har ta girma, kimanin mako uku, kuma ita ce ke kawo zazzaɓin da ke mayar da fitsarin saniya ja kamar ruwan zoɓo. Biyun farko suna sauka ƙasa a tsakanin matakan girmansu, ƙananansu kuma suna shan jinin zomo da bushiya da tsuntsayen da ke kiwo a ƙasa kafin su iso ga shanu. Don haka wanda ya wanke saniyarsa yau bai taɓa waɗanda ke cikin ciyawa ba, kuma idan ya ga sababbi bayan kwana biyar sai ya ce magani ba ya ci, ya ƙara kaurin damu, ya bi hanyar da na bi da ragona.

Makamin da ya fi yi mini aiki a cikin shekara ukun nan shi ne hannu, kuma na san wasu masu karatu za su yi murmushi, domin cire kaska da hannu aikin kakanninmu ne. Sai dai akwai lokacin yinsa da wurin da ake dubawa, kuma a nan ne binciken zamani ya ƙara mini haske. Wani masani Bafaranshe mai suna Frédéric Stachurski, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken kiwo ta CIRDES da ke Bobo Julaso a Burkina Faso, ya nuna cewa mai adon nan, idan ta kama saniya a wurin kiwo, a tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai dabbar ta dawo gida ta kwanta sannan ta hau zuwa hantsa da ƙirji da matsematsi. Daga wannan ne suka fito da dabarar wata ƴar kwata mai ruwan magani da shanu ke ratsawa da yamma idan sun dawo. Ni ba ni da halin gina kwata, amma na ɗauki darasin lokacin. Kullum da la'asar sakaliya, kafin shanu su kwanta, ni da jikana muke bin su ɗaya bayan ɗaya, shi yana riƙe da gwangwanin tumatir mai ɗan kananzir a ciki, ni ina ɗaga ƙafa ina duba tsakanin kofato, sannan in duba hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne. Ga shanu huɗu aikin bai wuce tsawon shan shayi ɗaya ba. Ga tumaki da awaki kuwa sau biyu a mako ya wadatar da ni, sai dai idan na ga wata tana ɗingishi, domin sau da yawa abin da muke ɗauka ƙaya ce ta soke ta kaska ce ta kafe a kofato.

Yadda ake cirewa ma yana da ƙa'ida. Da matsefata nake kama ta daga gindin baki, daf da fata, in ja a hankali ba tare da fizga ba, saboda mai dogon baki idan aka fizge ta bakin yana karyewa a cikin nama, wurin ya yi ƙurji, ƙuda ya zo ya yi tsutsa. Irin waɗannan tabon ne majema ke gani idan sun shimfiɗa fata, su rage mata kuɗi, a garin da aka san shi da aikin fata tun zamanin kakanni. Duk wadda aka cire kuma cikin gwangwani take shiga, daga baya a zuba a wuta, domin wanda ya cire cikakkiyar mace ya jefar a cikin garke ya taimaka mata ne kawai ta sauka da wuri.

A nan ina so in ja kunnen iyaye da babbar murya. Jikan nan nawa da farko murtsuke kaska yake yi a tsakanin farce kamar ƙwarƙwata, jini ya fantsama masa a yatsu, yana dariya. Na hana shi, kuma ina roƙon kowa ya hana nasa. Kaska mai ƙafafu zobe-zobe tana iya ɗaukar ƙwayar wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda aka fara ganewa a yankin Kirimiya a 1944, aka sake gano ƙwayarsa a Kwango a 1956, shi ya sa ake kiransa da sunan wuraren biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe tsakanin kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari na waɗanda ya kama, kuma ba cutar nesa ba ce, domin ta ɓulla a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003, an kuma same ta a Senegal. Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar ba ta nuna alamar ciwo, mutum ne ke kwanciya, ta hanyar cizon kaska ko murtsuke ta ko taɓa jinin dabbar a lokacin yanka da fiɗa. Wanda ba shi da matsefata ya sa hannunsa a cikin leda, kuma ya wanke da sabulu idan ya gama.

Da safe kuwa aikin na kaji ne. Ba na kwance shanu sai hantsi ya ɗaga, kuma ba na watsa wa kaji tsaba sai sun gama zagayen garke, saboda kazar da ta ƙoshi ba ta farauta. Akwai wata tsohuwar kaza wake-wake a gidana da ta saba da shanun har takan hau cinyar saniya tana kwance tana tuƙa, ta miƙa wuya ta ciro kaska daga gefen hantsa, saniyar kuma ta ɗaga ƙafa ta ba ta wuri kamar sun yi alkawari. Wannan ba tatsuniyar ƙauye ba ce. A 1991 masu bincike na cibiyar nazarin ƙwari ta ICIPE da ke Nairobi a Kenya sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi, inda suka bar kaji suka yi kiwo a cikin shanu sannan suka duba cikinsu, suka sami daga kaska 3 har zuwa 331 a kaza ɗaya, matsakaicin lissafi 81. Kaza ba ta kai wa cikin kunne ko ƙarƙashin wutsiyar saniyar da ke tsaye, amma tana tsince cikakkun matan da suka faɗo ƙasa, kuma kowace ɗaya da ta haɗiye dubban ƙwai ne ba za a zuba ba.

Batun zabi ne nake so a yi masa adalci, saboda na ji ana yaɗawa a wayoyi cewa a Amurka zabi ake kiwo su share kaska daga gona ƙaf, har wani maƙwabcina ya sayi garke guda da wannan niyya. Zabuwa tamu ce, daga Afirka aka kai ta can, kuma mun fi kowa sanin halinta. Gaskiya ne tana tsintar kaska a cikin ciyawa, tana kuma yin nisan kiwo fiye da kaza. Amma ba ta sakin jiki da shanu kamar kaza, kuma tana cikin tsuntsayen da ƙananan kaska ke maƙale wa a kai da wuya, wato tana ci tana kuma dakon wasu. A ganina a yi kiwon zabi domin ƙwansu na damina da namansu da ƙararsu da ke tona asirin maciji da ɓarawo, abin da suka ci na kaska kuma a ɗauke shi a matsayin gyara. Carki shi ne gwanin wannan aiki a cikin tsuntsayen daji, sai dai idan ya ga miki yana tona shi ya sha jini ya hana shi warkewa, don haka dabbar da ke da rauni a rufe mata shi. Balbela kuwa, duk da farin jinin da take da shi, yawancin abin da take bin shanu dominsa fara ce da ƙwarin da kofato ke tayarwa.

Su ma kajin suna da tasu kaskar, wata falalla mai laushin baya da ke ɓuya a tsagar akurki da rana ta fito da dare ta sha jini kamar kuɗin cizo, kuma tana iya yin shekaru babu ci ba ta mutu ba. Maganinta yaɓe tsagogi da shafa farar ƙasa da babbaka sandunan da kaji ke kwana a kai.

Tun da yake yawancin kaska a ƙasa take, rabin aikin na tsintsiya ne da shebur. Na ɗauke turakun dabbobina daga gindin katanga, inda inuwa da laima da tsagogi suke, na mayar da su kan tudu mai rairayi da rana ke duka. Ana share garken duk bayan kwana biyu, a tara kashin da ragowar ciyawa a rami a rufe, inda zafin ruɓewa ke kashe ƙwai, daga baya kuma ya zama takin da gero ke so. Ciyawar da ke kewaye da garke da bakin mashaya ana nome ta tun tana ƙarama. Da rani kuma ina zagayawa da turakun cikin gona, mako biyu a nan, mako biyu a can, yadda Fulani ke yi idan manomi ya ba su masauki, sai ƙasa ta sami taki, ƴaƴan kaskar da suka ƙyanƙyashe a tsohon wuri kuma su rasa mai ba su jini har ranar bazara ta soye su. Wani ya ba ni shawarar in sa wa ciyawar bayan gona wuta, na ƙi, domin a ƙasar da ruwan shekara a kewayen birni yake kusan milimita 400, ciyawa dukiya ce da ake saye da kuɗi a watan Mayu, kuma wutar daji ba ta san iyakar gonar wanda ya kunna ta ba. Shara kaɗai nake ƙonawa, a cikin rami.

Sai bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya, itacen da aka kawo mana daga ƙasar Indiya ya zama ɗan gida a kowace unguwa. Ƙarfinsa ya fi taruwa a cikin ƙwallon ƴaƴan, inda wani sinadari mai suna azadiraktin yake, wanda ke hana ƙwaro ci da saɓa da hayayyafa. Yadda nake yi shi ne, idan ƴaƴan sun nuna sun yi rawaya suna zuba, yara su tsinto, a wanke a cire ɓawon, a shanya a inuwa har su bushe sarai, domin wanda ya yi fumfuna ba shi da amfani. Ranar aiki a daka rabin kilo a turmin da ba na abinci ba, a jiƙa a lita goma na ruwa ya kwana, da safe a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun salo a ciki domin ya kama gashi. Da yamma nake shafawa da tsumma a hantsa da ciki da ƙafafu da gindin wutsiya, saboda hasken rana yana kashe ƙarfinsa da sauri, kuma ina maimaitawa duk mako a cikin damina, ko bayan ruwa mai yawa ya wanke shi. Saniyar da ake tatsa a wanke mata kan nono kafin tatsa, in ba haka ba ɗan maraƙi zai ƙi kamawa, fura ma ta yi ɗaci. Wajibi ne in faɗi gaskiya cewa bedi ba ya zubar da kaska nan take yadda maganin kanti ke yi. Wanda ya shafa da yamma ya zo da safe yana neman gawarwaki zai ce an yaudare shi. Aikinsa a hankali yake, yana rage masu kamawa, yana kuma raunana ƙwan waɗanda suka sha, sai bayan makonni mutum ya lura cewa gwangwaninsa na yamma ba ya cika kamar da.

Kada kuma a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga daji lafiya ne. Ruwan taba yana kashe kaska, amma gubarsa tana ratsa fata tana iya kayar da ɗan akuya. Nonon tumfafiya yana ƙona fata, idan ya shiga ido kuwa yana iya ɓata shi. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa dabba, da kananzir a kan fata, suna sa gashi ya zube su bar ƙuna, dabbar kuma tana lasa.

Dattijon Bafulatanin nan ya nuna mini wani abu da na daɗe ina gani ban lura ba, wato a cikin kowane garke akwai dabba ɗaya ko biyu da kaska ta fi so, ana kiwo tare ana kwana tare amma su ne kullum a cike. Ya ce irin waɗannan su ake fara kaiwa kasuwa, kuma ba a barin ɗansu ya zama bijimin garke. Ya ce kuma ramammiyar dabba ta fi ɗaukar kaska, don haka harawa da dusa da gishirin lasa a ƙarshen rani suna cikin maganin. Shanunmu masu tozo, Azawak da Bororo da Gudali, sun fi shanun Turai jure kaska nesa ba kusa ba, kuma ɗan maraƙin da ya gamu da ƴar kaska kaɗan tun yana ƙarami yana samun garkuwa daga zazzaɓin jan fitsari, abin da wanda aka tsare ƙaf ba ya samu. Shi ya sa ban sa wa kaina burin ganin babu ko ɗaya ba, burina a rage ta yadda ba za ta rame dabba ko ta ɓata nono ba. Masu sha'awar shigo da shanun madara na waje su tuna cewa wata kaska mai suna Rhipicephalus microplus, wadda ta yi ƙaurin suna wajen ƙin jin magani, an ba da rahoton ganinta a Kodebuwa a 2007, an danganta shigowarta da shanun da aka kawo daga Barazil, kuma an same ta a Benin da Burkina Faso da Mali da Najeriya. Mu da dabbobinmu ke kai da kawowa tsakanin kasuwanninmu da Maigatari da Mai'aduwa ba mu da katangar da za ta tare ta, sai dai tsarin kowane gida. Duk dabbar da na sayo yanzu, ko daga Kasuwar Dole ce, a turke dabam take zama mako uku, nesa da sauran, ina duba ta kullum ina share ƙarƙashinta, kafin ta shiga garke.

Duk wannan da na zayyana rigakafi ne da ragewa, kuma yana da iyaka. Idan saniya ta daina ci, jikinta ya yi zafi, cikin idonta ya yi fari ko rawaya, fitsarinta ya canza launi, ko tunkiya ta fara kewaye tana taka ƙafa sama-sama, to cuta ta riga ta shiga jini, bedi da kaza ba su da abin yi a nan, sai allurar likitan dabbobi, kuma jinkirin yini ɗaya yana iya zama asarar dabbar. Haka kuma idan damina ta yi albarka kaska ta fi ƙarfin hannu, ni ma ina sayen maganin dabbobi na gaskiya, mai takarda da kwanan wata, daga wurin ma'aikatan kiwo ko likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke da wakilai a ƙauyuka, in auna yadda aka rubuta, in tsare kaji daga wurin, in kuma kiyaye kwanakin da aka ce kada a sha nono ko a ci nama. Bambancin shi ne yanzu sau ɗaya ko biyu nake bukatarsa a damina. Masu jakai da dawakai su kiyaye musamman da maganin da ke da amitraz a ciki, domin yana da kyau ga shanu da tumaki amma yana ɗaure cikin doki har ya kai shi ga halaka, kuma ba a sa wa jaki shi.

Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya shi ne mashaya da burtali da makiyayar gari, inda dabbobin kowa ke haɗuwa, wanda ya share garkensa da wanda bai share ba. A unguwarmu mun yi magana a gaban mai gari muka sa ranar da ake nome bakin rijiya a kwashe kashin da ya taru, kuma ko wannan kaɗan ɗin ya nuna a jikin awaki. Ina roƙon cibiyar binciken noma ta ƙasa INRAN, da ɗakin binciken lafiyar dabbobi LABOCEL, da jami'armu ta Damagaram, su gwada ruwan bedi da mansa a kan dabbobinmu da irin kaskarmu, su fitar mana da ma'auni tabbatacce da tiya da lita, kamar yadda ƙungiyar zaurukan manoma RECA ta yi wa masu garka bayani a kan feshin bedi ga kayan lambu. Gidajen rediyonmu kuma su ware ko minti goma a mako daga watan Yuni zuwa Satumba, da Hausa da Fulatanci da Barbarci da Tamashek, domin mata da yara su ne ke kula da awaki da kaji a yawancin gidaje, kuma su ne ba a kira idan ana taron horo.

Kai kuma, ya Edita, idan ka ga wasiƙar ta cancanci fili, ina roƙon a buga ta kafin ruwan shuka ya sauka, saboda tara ƴaƴan bedi da yaɓe tsagogi da mayar da turke kan tudu duk ayyuka ne da ake yi tun ƙasa tana bushe.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani tsohon malamin makaranta mai ƙaramin kiwo,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.